Ba a Ba Inna Aiki

Yayana ba ya maimaita magana. Tun muna yara haka yake. In ka ce masa "me ka ce?" sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa, ya ci gaba da abin da yake yi. A gida aka laƙaba masa Taƙaitau, sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har Manajanmu da shi yake kiransa. Ni dai Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, duk da cewa yanzu 'ya'yana biyu, ga furfura uku da nake turawa ƙarƙashin ɗankwali.

Babanmu mai sassaƙa hatimi ne. Ɗan tebur gare shi a bakin titi kusa da gidan waya, da reza, da guntayen roba, da madubi ƙarami na duba rubutun da ya sassaƙa a juye. Mu sauran yaran gidan ba abin da ya dame mu da sana'ar sai warin tawada da yake shigowa da shi. Yaya kuwa abu ɗaya ya shiga ransa, wato mutum ya sha wahala sau ɗaya, ya yi ta bugawa sau dubu. Ko da ya tashi neman aure, matarsa ta ce zuwa uku ya yi, kuma in aka tara duk abin da ya faɗa ba zai cika shafi ba. Ta ce ta aure shi ne don ta ji ƙarshen maganar, har yau kuma tana jira.

Wurin aikinmu yana hawa na biyu, a saman shagon sayar da tayoyi. Mu tara ne, fanka biyu, taga ɗaya da ba ta rufuwa. Wasan waya da kwamfuta muke yi, kuma guda ɗaya ne ke riƙe da mu: kai ne direban babbar mota, ka ɗauki kaya daga wannan gari zuwa wancan, kana lura da mai da taya da birki. Yaya shi ke rubuta umarnin da ke gaya wa wasan abin da zai yi. Ni mai gwaji ce. Ana biyana in zauna in lalata abin da wasu suka gina, kuma wallahi na iya. Shi ya kawo ni wurin, shekara bakwai da suka wuce, lokacin da nake zaune a gida ina cin raina. Ku riƙe wannan, don ni ban manta ba.

Abin da Yaya ya ƙware a kai shi ne makiro. Kar sunan ya ba ku tsoro, hatimin Baba ne ya koma cikin kwamfuta. A saman fayil sai ka sa alamar nan mai kama da taga, #, ka rubuta define, ka ba da wani gajeren suna, sannan ka rubuta dogon abin da sunan yake nufi. Daga nan duk inda kake buƙatar dogon, gajeren za ka buga. Kafin injin wasa ya karanta rubutun, akwai wata 'yar manhaja da ke fara bi ta kai, mu a ofis mai share fage muke ce mata. Ba ta da tunani ko kaɗan. Duk inda ta ga gajeren suna sai ta goge shi, ta zuba dogon a gurbinsa harafi da harafi, ta wuce. Injin bai taɓa ganin sunan ba, abin da aka zuba kawai yake gani.

Shekara goma sha ɗaya Yaya yana tara makiro a fayil guda, har suka kai ɗari tara da sha huɗu. Matsalar ita ce sunayen. Mutane suna sa wa nasu suna irin "cika tanki" ko "tsayar da mota". Shi kuwa gidanmu ya kwaso gaba ɗaya ya zuba a ciki. RANDA ita ke cika tanki. KUJERAR_BABA tana tsayar da mota cak, don in Baba ya zauna a kujerar nan ko gobara ba ta tashe shi. AUTA kuma ƙarar oda ce, wai saboda surutuna. Ranar da na gano haka na yi kwana biyu ba na gaishe shi, ko a jikinsa.

Bai taɓa rubuta bayani ba, ko layi ɗaya. "Mai son sani ya tambaye ni," in ji shi. In ka tambaya kuma, kalma uku za ka samu, in ka yi sa'a.

Sai INNA. Mahaifiyarmu ta rasu a watan da ya fara aikin nan. Ita kaɗai ce a duniya take maimaita masa magana ya haƙura. Ya shigo gida, ta ce, "Ka ci abinci?" Ya ce, "Na ci." Ta ce, "Ka dai ci?" Komai sau biyu take tambaya, kuma sau da yawa a ta biyun gaskiya take fitowa. To, makiron da ya sa wa sunanta aikinsa ɗaya, kada a bar wani abu ya faɗi ƙasa da sifili. In ka miƙa mata lamba, ta mai ce ko ta ƙarfin taya, sai ta duba: abin nan ya fi sifili? In ya fi, ga abinka. In bai fi ba, ga sifili, kar ka nutse. Kun ga ke nan abin da aka miƙa mata sau biyu yake fitowa a rubutun, sau ɗaya a tambaya, sau ɗaya a bayarwa. INNA tana wuri fiye da dubu uku a cikin wasan, kuma shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Bara aka ɗauko wata sabuwar mai rubuta umarni, Injiniya muke ce mata. Yarinya ce a kanmu, ba ta da yawan magana, tana zuwa da littafi tana rubuta duk abin da aka gaya mata. Na so in tsane ta, Allah ya sani na gwada, abin ya ƙi. Ita aka ba sabon sashen wasan, hanyar da ke hawa dutse. Ina zaune ina ji ta je bayan kujerar Yaya ta ce, "Malam, yaya zan yi kada mai ya sauka ƙasa da sifili a kan hawa?"

Bai ko juyo ba ya ce, "INNA."

Ta tsaya ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Ta rubuta a littafinta ta koma.

Muka saki sabon sashen, kwana uku ba a yi ba saƙonni suka fara zuba. Motoci suna mutuwa a tsakiyar dutse, tanki wayam. Mutumin da ya yi wata biyar yana tara motoci da kaya a wasan sai ya ga komai ya gangara rami. Zagi kam mun sha, har da wanda ya haɗa da iyayenmu. Kamfanin da ke rarraba mana wasan ya aiko da takarda: mako biyu, ko a gyara ko su sauke shi. In suka sauke shi, mu taran nan sai dai mu sauko mu taya mai tayoyi ɗaga kaya.

Laifina ne ban kama kuskuren tun farko ba, wannan ba na musu. Na gwada dutsen da cikakken tanki, shi ya sa ban ga komai ba. Manaja ya tsaya a kaina ya ce, "Malama, nemo mini shi." Akwai farin allo a bakin ƙofar ofis. Ƙa'idar gidan ita ce duk kuskuren da mai gwaji ta kama sai ta rubuta shi a nan da hannunta, da sunan fayil ɗin da ya fito. Ba a rubuta sunan mutum, amma kowa ya san fayil ɗin kowa, to ina bambancin?

Kwana shida ina hawa dutsen nan. Na hau da mota babu kaya, na hau da siminti, na hau a ruwan sama, na hau da baya don haushi. Ina rubuta man da na tashi da shi da wanda na isa da shi. A takarda hawan lita huɗu zai ci. Takwas yake ci. Ba bakwai ba, ba tara ba, takwas daidai kowane hawa. Da na ga ninkin nan sai na je wurin Injiniya na ce ta nuna mini layin da ke ɗibar mai, ba yadda ta rubuta shi ba, yadda yake bayan mai share fage ta bi ta kansa.

Ta buɗe. Muka kafa ido a kan allon kwamfutar. Ba lamba ta miƙa wa INNA ba, umarni ta miƙa mata: ɗebi mai daga tanki ka gaya mini abin da ya rage. Mai share fage kuwa, da yake ba ta da kai, ta kwafe umarnin ta zuba a duk gurbi biyun. Inna ta tambaya, aka ɗebi mai. Ta zo bayarwa, aka sake ɗiba.

Injiniya ta dafe goshi ta ce, "Ni na ba ta. Rabin laifin nawa ne."

"Rabi dai," na ce.

Sannan ta ce, "Anti, yau Juma'a. Ba zan ce komai ba sai Litinin. Ki fara gaya masa."

Kun ga abin da ya sa na kasa tsanarta.

Asabar da hantsi na je gidan Yaya. Na same shi a tsakar gida ya kwance fanka yana wanke fukafukan a roba, ya jera kusoshin a kan jarida daga babba zuwa ƙarami. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta dubi fuskata, ta ja yara suka shige ɗaki. Na zauna a kan bokiti na zayyana masa komai, da lita huɗu da lita takwas, ban rage ba.

Ya saurara har na gama, ya ce, "Ba a ba Inna aiki. Lamba ake ba ta."

"A ina aka rubuta haka?"

"Kowa ya sani."

"Wane kowa? Haba Yaya! Kai kaɗai ne kowan! Yarinyar nan ta zo har bayan kujerarka ta tambaye ka, ina zaune, kalma ɗaya ka jefa mata kamar mai ba kaza tsaba."

Ya ci gaba da goge fukafukin fanka. Na sassauta murya, don na san halinsa, in ka matsa masa sai ya ƙara kafewa. Na ce gyaran bai fi layi uku ba. A sa ta ajiye abin da aka ba ta a wuri ɗaya tukuna, sannan ta duba. Ya shiga ofis Litinin da sassafe ya gyara da hannunsa, ya je wurin Manaja da ƙafarsa ya ce ga abin da ya faru. In ya yi haka, ni abin da zan rubuta a allo shi ne an kama, an gyara, shi ke nan. Na roƙe shi don Allah, na roƙe shi don darajar Baba.

"In na taɓa ta, na taɓa wuri dubu uku," ya ce.

"To ka taɓa mana! Ni ba ga ni ba? Zan gwada su ɗaya bayan ɗaya."

"Ban taɓa ta ba tun ranar da na rubuta ta."

Na san ranar. Kwana tara da rasuwar Inna ya koma aiki, ran nan ya rubuta ta. Da ina da hankali da a nan na yi shiru. Amma zuciya ta riga ta kawo mini wuya, ina tuna mutum tara da takardar mako biyu, ga shi yana jera mini kusoshi. Na ce, "Yaya, Inna ta rasu. Wannan layi biyu ne a cikin fayil."

Ya ajiye tsumman a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Ki gaida yara."

Litinin na riga kowa zuwa, na zauna ina kallon ƙofa. Ya shigo a lokacin da ya saba, ya rataye jakarsa, ya buɗe wani aiki daban. Na ba shi har ƙarfe goma sha ɗaya. Sannan na tashi na ɗauki alƙalamin allo. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin rubuta fayil ɗin Injiniya kaɗai. Ba ƙarya ba ce, layin nata ne. Ita sabuwa ce, za a yi mata faɗa, ta gyara layinta, a wuce wurin. Na tsaya da alƙalami a hannu har ya fara bushewa. Na rubuta nata, sannan a ƙarƙashi na rubuta nasa.

Manaja ya tara mu. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika shi, kuma mai tsoro ba ya jin bayani mai tsawo. Ya dubi Yaya ya ce, "Taƙaitau, irin wannan guda nawa ne a kwance a cikin wasan?"

"Babu."

"Ka tabbata?"

Yaya bai amsa ba, don a wurinsa ya riga ya amsa. Manaja ya juya ga Injiniya. Ta ce, kanta a ƙasa, ba wanda zai iya sani sai an warware makiron duka an karanta abin da injin yake gani da ido. Manaja ya buga tebur ya ce to a warware, duka ɗari taran, kuma daga yau da dogon za a riƙa aiki, ba ya son ya sake ganin sunan da sai mutum ɗaya ya san fassararsa.

Sai dai warwarewar ma ba mai iya ta sai Yaya. Makiro a cikin makiro yake sawa, wani ya kira wani, wancan ya kira uku, kuma shi kaɗai ya san wanda za a fara ba mai share fage da wanda zai biyo. Na zaci zai yi fatali da maganar, ya ɗauki jakarsa. Da ya yi haka da na ji sauƙi, don da na samu abin jin haushinsa. Ya ce, "To." Ya ja kujera.

Kwana huɗu ya yi a kai. Teburina yana bayan nasa, ina ganin ƙeyarsa da allon kwamfutarsa. Sai ya ɗauki fayil, ya tura, sunayen su ɓace, dogon rubutu ya malalo ya cika allon. Ya karanta, ya adana, ya ɗauki na gaba. Layi dubu goma sha biyu suka koma dubu saba'in. Ba ya sauka cin abincin rana, shayin da ke cikin fulas ɗinsa yake kurɓa. A cikin dogon rubutun aka samu wuri shida da irin wannan kuskuren yake kwance yana jiran ranarsa, biyu daga ciki ma da hannun Yaya aka rubuta su. Shi da kansa ya tashi ya rubuta su a allo. Gaskiyata ta fito fili, kuma ban taɓa jin gaskiya mai ɗaci irin wannan ba.

Aka gyara, aka saki, saura kwana ɗaya wa'adin ya cika. Mota ta hau dutse da lita huɗu. Kamfanin rarrabawa ya janye takardarsa. Aka sayo lemo a ofis, kowa yana dariya.

Manaja bai kori Yaya ba, kar a ɗora masa abin da bai yi ba. Amma sabon rubutun kowa yana iya karanta shi, kuma Injiniya ta fi kowa sauri a ciki. Sai aka ce a ɗan ba Taƙaitau hutu daga rubutu, ya riƙa amsa saƙonnin 'yan wasa. Ku ji fa! Tambaya ɗaya sau ɗari a wuni: na manta lambar sirrina, motata ta maƙale a gada, na manta lambar sirrina. Ya nemi ya tsara gajerun amsoshi da zai riƙa bugawa, Manaja ya ce a'a, mutane sun fusata da mu, a amsa wa kowa da hannu don ya ji ana ji da shi. Na je na sami Manaja na ce wannan ba hutu ba ne, yanka ne da wuƙa marar kaifi. Ya ce in koma bakin aikina.

Mako uku ya jure. Ba ya gaba da ni, in na gaishe shi yana amsawa, amma bai sake kirana Auta ba, "ke" kawai. Matarsa ta kira ni a waya ta ce ya rame, wandonsa har yana zamewa, wai me ke faruwa a ofis? Ashe bai gaya mata komai ba. Na ce aiki ne ya yi yawa. Ni ma na koyi taƙaitawa.

Ranar Alhamis bayan azahar na ga ya kwashe kofinsa da fulas ya sa a jaka, ya zare makullin ofis daga cikin nasa ya ajiye a kan teburin Manaja. Ba takarda, ba sallama. Ya zo ya tsaya a gefena.

"Buɗe sabon rubutun," ya ce.

Na buɗe.

"Nemi RANDA."

Na buga, kwamfuta ta ce babu.

"AUTA."

Babu.

Na san abin da ke tafe.

"INNA."

Na buga harafi huɗun nan. Layi dubu saba'in, kwamfutar ba ta yi daƙiƙa ɗaya ba ta ce babu.

"Da kyau," ya ce. "Aikin ya fita tsaf."

Ya rataya jaka ya nufi ƙofa. Injiniya ta miƙe tsaye a wurinta, ya ɗaga mata hannu ya wuce ta gaban allon. Na bi shi ba ko takalmi. Matakalar ofishinmu ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa, sai ina bayansa ina kallon yadda rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Ina da magana cike da baki, ta ban haƙuri da ta faɗa da ta kare kai, duk na tsara su tun mako uku. Ba ko ɗaya da ta fito.

Na ce, "Yaya, ka ci abinci?"

"Na ci."

Ya sauka taki biyu. A ƙasa mai tayoyi yana buga ƙarfe.

Na ce, "Ka dai ci?"

Ya tsaya, ya kama ƙarfen matakalar. Bai juyo ba.

"Ban ci ba, Auta," ya ce.